Wuta da Ragowar Magani: Tarihin Wata Al'ada a Yelwa ta Jalingo

A zamanin da sassaƙe da saiwa da ganye suke su ne magani a ƙasar Muri, ragowar jiƙo ba ta zama abin damuwa ba, domin ƙasa takan cinye abin da aka zubar mata. Lamarin ya sauya ne bayan ƙwayoyin asibiti da allurai sun wadata, musamman tun da Jalingo ta zama hedikwatar Jihar Taraba a 1991, shagunan kemis suka yawaita a unguwanni irin su Yelwa, gidaje kuma suka soma tara maganin da wa'adinsa ya ƙare.

Ƙona magani a bainar jama'a ya samo asali ne daga yaƙi da jabu. A 1990 wani ruwan farasitamol mai guba ya kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan, a 1993 kuma aka kafa hukumar NAFDAC, wadda a ƙarƙashin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, ta riƙa tara kayan da ta kama a filin bola tana cinna musu wuta a gaban 'yan jarida. Wannan ya tsoratar da masu safarar jabu, ya kuma hana 'yan bola jari tsince maganin su mayar da shi kasuwa, kuma alheri ne babba.

Sai dai wutar fili ba ta kai zafin da ake bukata ba. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999 sun fifita tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, irin na masana'antar siminti, domin ledar ƙwayoyi da robar kwalabe idan suka ci wuta mai rauni sukan fitar da dayoksin, wato gubar da ke daɗewa a ƙasa da kitsen jiki, wadda Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta nemi a rage ta. Abin takaici shi ne magidanci a Yelwa ya gaji ƙonawar ba tare da tanderun ba, yana haɗa ragowar sirop da shara a bayan gida, abin da wuta ta rage kuwa ruwan damina kan iya kwashe shi zuwa kogin Lamurde. Inda babu tanderu, ƙa'idojin sun amince a zuba maganin a durom, a cika da siminti, a rufe, sannan a binne.