Tagar da take barin sawu a kwamfutar kafe

1/ 'Yan zamanin kafe, ku matso. Kun tuna lokacin da kwamfuta za ta maƙale, ka kama ƙaramar tagar nan da mawus ka ja, sai ta riƙa barin sawunta a allo, goma, hamsin, kamar an baza karta? Abin yana da tarihi, kuma ba bairos ba ne. Zare 🧵

2/ Na ce ba bairos ba ne don har yau, daga nan Dabai zuwa cikin Zuru, akwai shagunan buga takardu masu lallaɓa tsofaffin kwamfutoci. Da an ga haka sai a ce "a yi fomatin". Kuɗi ya tafi, furojet ɗin ɗalibi ya bi ruwa, alhali manhaja ɗaya ce ta suma.

3/ Mu koma baya. A shekarun 1970, a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya a Amurka, ƙungiyar Alan Kay ta kawo dabarar tagogi masu hawa kan juna, kamar takardu a kan tebur. Gani da ido abu mai sauƙi. Amma allo fa shimfiɗa ɗaya ce, babu sama babu ƙasa.

4/ To ga tambayar da ta hana injiniyoyi barci: in ka ɗaga tagar sama, wa zai mayar da abin da ta rufe?

5/ Disamba 1979 Steve Jobs ya kai mutanensa PARC su gani. Cikinsu akwai Bill Atkinson. Ya dawo da yaƙinin ya ga kwamfutar Xerox tana zane daidai a tagar da wata ta rufe rabinta. Ashe ba ta iya ba, idonsa ne ya ruɗe shi 😂

6/ Shi kuwa tunda ya "gani", ya ce ai zai yiwu. Ya yi watanni yana fama har ya fito da abin da ya kira regions: lissafin da ke faɗa wa kwamfuta wane yanki na kowace taga ne a fili, wane ne a ɓoye, ta zana na filin kawai.

7/ A 1982 ya yi mummunan haɗarin mota. Jobs ya garzaya asibiti, Atkinson ya ce masa ya kwantar da hankali, bai manta da regions ba. Ku ji fa, mutum na kan gado, lissafi na ransa. Ya rasu a Yunin 2025.

8/ Wani zai ce me ya hana kwamfuta ta ajiye hoton kowace taga? Talauci ne. Macintosh na 1984 yana da RAM 128KB kacal, hoton allo ɗaya na cin kusan 22KB. Sitika ɗaya a WhatsApp ɗinka tana iya fin wannan nauyi.

9/ Microsoft ma da farko kauce wa rigimar ta yi. A Windows 1.0 na 1985 tagogi jere suke gefe da gefe kamar tayil. Sai a Windows 2.0 na 1987 suka fara hawa juna. Apple ta kai ƙara a 1988, aka yi ta shari'a har 1994, ba ta yi nasara ba.

10/ Yanzu ga asalin sawun. Ku ɗauka allon aji ne guda ɗaya, kowace manhaja da allinta. Ka matsar da taga, sai Windows ta aika wa manhajar da ke ƙasa saƙo mai suna WM_PAINT, ma'ana "an buɗe wajenki, zo ki sake zanawa".

11/ In manhajar ta suma, misali burauza tana jiran intanet ɗin kafe mai tafiyar hawainiya, ba ta amsawa. Ba mai gogewa, ba mai zanawa. Duk inda ka ja taga, tsohon hotonta na nan. Shi ke nan.

12/ Haka Windows XP ta zo da shi a Oktoba 2001, shekarar da GSM ya shigo Najeriya. Ita ta riƙe kafe-kafenmu shekara da shekaru, a kanta aka yi ta duba sakamakon WAEC da cike fom ɗin JAMB, mintuna na ƙarewa gaba na faɗuwa.

13/ Ɗan'uwan wannan matsala: ka sa fim ɗin Hausa a Media Player, ka danna Print Screen don ka kama fuskar jarumi, ka liƙa a Paint, sai ka ga baƙi ƙirin. Bidiyon ba ya kan allon ajin ma sam. Katin hoto ne ke ɗora shi daga baya, a wata shimfiɗa daban.

14/ Magani ya zo da RAM ta yi araha. Mac OS X a 2001, sai Windows Vista a 2007: kowace taga ta samu takardarta, wata manhaja guda ke jera su ta haɗa hoton. A Windows sunanta Desktop Window Manager. Ko manhaja ta suma, hotonta na ƙarshe na ajiye.

15/ An zagi Vista kan nauyi, kuma ta ci zagin, ba musu. Amma a nan kam ta yi abin kirki.

16/ Sai dai a Windows 7 in aka koma jigon Basic ko Classic don a rage nauyi, an kashe mai haɗawar ke nan, sawu na iya dawowa. Daga Windows 8 na 2012 aka daina bari a kashe ta.

17/ Don haka mai shago, in ka gani: Ctrl+Shift+Esc, nemo wadda aka rubuta wa Not Responding, ka rufe ta ita kaɗai, allo zai wanke. In ba wadda ta suma amma hoto na yagewa ko yana walƙiya, direban katin hoto za a duba. In layukan na nan tun kafin Windows ta tashi, wannan kuma waya ce, ko katin, ko allon kansa.