Ajiyar ko-ta-kwana a ofis: Yadda ake bai wa ma'aikaci ikon adana bayanansa da kansa

Ajiyar ko-ta-kwana ita ce kwafi na biyu na bayanan da ke cikin kwamfuta, wanda ake adanawa a wani wuri dabam domin a koma gare shi idan na asali ya salwanta. A ofisoshin da aka haɗa kwamfutocinsu a kan hanyar sadarwa guda, akan keɓe babbar kwamfuta ɗaya, wadda ake kira uwar garke, ta riƙa karɓar wannan kwafi daga sauran. Bisa al'ada mai kula da kwamfutocin ofis ne kaɗai ke tsara lokacin ɗaukar kwafin, uwar garke kuma ta aiwatar ba tare da sanin kowa ba. Sai dai akwai wani tsari da ke bai wa kowane ma'aikaci damar latsa maɓalli ya fara ajiyar kwamfutarsa a lokacin da ya ga ya dace. A kan wannan tsari wannan bayani zai tsaya, tare da la'akari da halin da ofisoshinmu suke ciki a gari irin Sakkwato.

Dalilin da ya sa jadawalin dare ba ya wadatarwa

Yawancin manhajojin ajiya an ƙirƙire su ne a Turai da Amurka, inda ake barin kwamfutoci a kunne dare da rana. Manhajar Amanda ta samo asali ne a Jami'ar Maryland a farkon shekarun 1990, kuma an gina ta ne a kan ɗaukar kwafi cikin dare. Bacula, wadda Kern Sibbald ya fara rubutawa a shekarar 2000, tana zuwa da samfurin jadawali da ke fara aiki ƙarfe 11 da minti 5 na dare. BackupPC ta Craig Barratt kuwa, wadda ta fito a 2001, idan aka bar ta yadda ta zo, tana kauce wa ɗaukar kwafin kwamfutocin da ta saba gani kullum daga ƙarfe 7 na safe zuwa 7 da rabi na yamma a ranakun aiki, don kada ta cunkushe hanyar sadarwa mutane na tsaka da aiki.

To, a ɗauki misalin ofis mai kwamfuta goma a unguwar Ƙofar Rini, ko makaranta ce mai zaman kanta, ko asibiti, ko ofishin lauya. Da an tashi aiki bayan la'asar sai a kashe janareta. Idan akwai sola da inbata, mai ofis ba zai yarda a ƙarar da batir a kan kwamfutocin da ba kowa a gabansu ba, balle a watannin Maris zuwa Mayu da zafi kan haura digiri 40, fanka ma ta fi su buƙatar wutar. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kawowa jihar kuma ba abin da za a ɗora jadawali a kansa ba ne. Sannan da yawa daga cikin ma'aikata laftof suke amfani da ita, su saka ta a jaka su tafi da ita gida. Ƙarfe 11 na dare uwar garke, in ma tana kunne, za ta yi ta sallama babu mai amsawa. Da safe rahoto ya nuna ajiya ta gaza, kuma sau da yawa babu mai karanta rahoton. Ana iya shafe watanni a haka kowa na zaton bayanansa na nan a killace.

Akwai kuma abin da jadawali ba zai taɓa sani ba. Akawu ne ya san cewa yanzun nan ya kammala lissafin albashin wata. Jami'in jarrabawa ne ya san ya gama shigar da makin ɗalibai ɗari uku. Wanda aka tura aiki Illela ko Tambuwal na kwana huɗu shi ya san gobe da asuba laftof ɗinsa za ta hau hanya, inda ɓarawo, ƙura da ramukan titi duk ke jiran ta. Waɗannan su ne lokutan da kwafi ya fi daraja, kuma mai aikin ne kaɗai ya san isowarsu.

Sakkwatawa ba baƙin wannan tunani ba ne. Ƙofar Rini ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, tare da irin su Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Kade, Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku. Littattafan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da shi Bello suka wallafa sun iso gare mu ne saboda duk almajirin da ya karanta littafi a gaban malaminsa yakan zauna ya kwafe nasa da hannu, ba ya jiran umarni daga fada. Gara ta ci wasu, gobara ta cinye wasu, amma kwafin da ya tafi Gwandu ko Katsina ko Yola ya tsira. Tarin rubuce-rubucen da ke Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a yau amfanin wannan ɗabi'a ne.

Yadda tsarin yake aiki

Hanyoyi biyu ne manya. A ta farko, ma'aikaci ba shi yake aika fayilolin ba. Saƙo kawai yake aika wa uwar garke cewa ga shi a shirye, ita kuma ta zo ta janye kwafin. Haka BackupPC take yi. Mai kula da tsarin zai rubuta sunan kowace kwamfuta tare da sunan mai ita, shi kuma ma'aikaci ya buɗe wani shafi a burauza, ya shiga da kalmar sirrinsa, ya tarar da kwamfutarsa kaɗai, da maɓallin fara ajiya da na dakatar da ita, da jerin kwafin da aka ɗauka a baya. Ajiyar da ma'aikaci ya nema da kansa ba ta bin dokar kauce wa lokutan aiki, nan take take farawa. A Bacula da 'yar'uwarta Bareos, wadda ta ɓalle daga gare ta, ana buɗe wa mutum taƙaitacciyar mashiga ce, a ƙayyade masa aikin da zai iya tayarwa, da kwamfutar da zai iya taɓawa, da umarnin da aka yarje masa ya bayar. UrBackup kuwa tana ɗora ɗan tambari a gefen agogon kwamfuta, wanda da an latsa shi ajiya ta kama.

A hanya ta biyu, kwamfutar ma'aikaci ce ke miƙa fayilolin zuwa wata jaka da aka buɗe mata a uwar garke. File History da ya zo da Windows 8 a 2012, da Time Machine da Apple ya fitar a 2007, duk suna iya aiki a haka, kuma dukansu suna da umarnin "ɗauki kwafi yanzu". Masu amfani da Linux sukan rubuta ɗan gajeren umarni da rsync, manhajar da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, wadda hikimarta ita ce aika ɓangaren fayil da ya sauya kawai.

Hanya ta biyu ta fi sauƙin kafawa, amma ta farko ta fi aminci, kuma dalilin a fili yake. Duk wurin da kwamfutar ma'aikaci ke da ikon rubutu a cikinsa, to ƙwayar cutar da ta kama ta ma tana da wannan iko. Manhajojin garkuwa da bayanai, waɗanda ke kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, sukan bi duk jakar da ke buɗe a hanyar sadarwa su kulle ta, har da ta ajiyar. A tsarin janyewa kuwa kwamfutar ma'aikaci ba ta da hannu a rumbun. Sai dai ta yi kira a zo.

Iyakar ikon da ya kamata a bayar

A nan ne mafi yawan kurakurai ke faruwa. Iko uku ne mabambanta: na fara ajiya, na dawo da fayil, da na goge tsohon kwafi. Na farko ba shi da wata babbar illa, ana iya bai wa kowa. Na biyu yana da amfani ƙwarai, domin yawancin asarar bayanai a ofis ba daga gobara take zuwa ba, daga kuskuren yatsa ne: an goge wasiƙa, ko an rubuta sabon lissafi a kan tsoho. Idan sakatariya za ta iya dawo da takardar jiya da kanta cikin minti biyu, an hutar da kowa. Amma dole a ƙayyade cewa fayilolinta kaɗai za ta gani, kuma a kwamfutarta kaɗai za ta sauke su. In ba haka ba, ƙaramin ma'aikaci zai iya "dawo da" takardar albashin shugabansa a kan nasa teburin. Ya fi kyau kuma abin da aka dawo da shi ya sauka a sabuwar jaka, kada ya danne aikin yau.

Iko na uku ba a bayar da shi. Ma'aikacin da ke shirin barin aiki cikin fushi, ko wanda ya taɓa kuɗin da ba nasa ba, bai kamata ya iya share sawunsa daga rumbu ba. Ko wanda aka yarda da amanarsa ana iya sace kalmar sirrinsa.

Wannan ba batun tsari kawai ba ne, akwai doka a kai. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su daga ɓata da kuma faɗawa hannun wanda bai dace ba, ta kuma wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan. Ma'aikacin asibitin da ya kwafe sunayen marasa lafiya a filash ɗinsa da niyyar taimako, filash ɗin kuma ya faɗi a cikin Keke Napep, ya jawo wa ofishinsa abin da ya fi ɓatan fayil muni. Ba shi halastacciyar hanyar ajiya ita ce ke raba shi da wannan dabara.

Lissafin lokaci da wuri

Ɗaukar cikakken kwafi na nufin kwashe komai. Ɗaukar ƙari na nufin kwashe abin da ya sauya tun ajiyar baya. Bambancin yana da girma. Layin sadarwa mai gudun megabit 100 a daƙiƙa ba ya wuce megabait 12 da rabi a daƙiƙa, don haka gigabait 20 zai ci kusan minti 27. Idan mutum goma suka latsa cikakken kwafi a tare ranar Juma'a da hantsi, kowa na sauri ya tafi masallaci, layin da ke shiga uwar garke zai buƙaci kusan awa huɗu da rabi. A layi mai gudun gigabit ɗaya lissafin ya ragu sau goma, amma Wi-Fi mai rauni kan ƙara shi. Saboda haka abin da ya dace a sakar wa ma'aikata shi ne ɗaukar ƙari, wanda a ofishin takardu ba ya wuce 'yan mintoci. BackupPC ma tana da ƙa'idar yawan ajiyar da ma'aikata za su iya tayarwa lokaci guda, huɗu ne idan ba a sauya ba, sauran su bi layi.

A kuma fayyace abin da ake kwafewa. In aka bar ƙofa a buɗe, finafinan Kannywood da bidiyon biki za su cika rumbun kafin wata ya ƙare. Fayil ɗin da ke buɗe, kamar na manhajar lissafin kuɗi, yana iya fitowa a gurgunce idan aka kwafe shi ana tsaka da rubutu a ciki. Windows na da dabarar ɗaukar hoton faifai na ɗan lokaci don magance haka, sai a tabbatar manhajar ajiyar tana amfani da ita.

Abin da tsarin ba ya yi

Ikon ma'aikaci ƙari ne a kan jadawali, ba madadinsa ba. Mutum yana mantuwa, kuma ranar da aiki ya fi yawa ita ce ranar da ba zai tuna ba. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne a matsar da jadawalin zuwa rana, misali lokacin sallar azahar, a sa uwar garke ta riƙa aika tunatarwa ga duk wanda ya kwana uku ba a ɗauki kwafinsa ba.

Haka nan uwar garken da ke ɗaki ɗaya da sauran kwamfutoci ba ta tsira daga abin da zai same su ba. Gobarar da ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ambaliyar Satumban 2010 da ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun isa misali. Shawarar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ita ce a riƙe kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri na daban. Jakar Google Drive ko OneDrive da ke daidaita kanta da kwamfuta ba ta cika wannan sharaɗi ita kaɗai ba, domin abin da aka goge a nan yakan goge a can.

A ranar 27 ga Yunin 2017 ƙwayar NotPetya ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, har sai da ya sake girka uwar garke 4,000 da kwamfutoci 45,000. Na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da kalmomin sirrinsu suna kwafar juna ne, don haka suka mutu tare. Guda ɗaya ta tsira a wani ofishin kamfanin, saboda an ɗauke wuta ta katse daga sadarwa kafin harin. Aka ɗauko bayananta aka biyo da su ta Najeriya zuwa Ingila, da su aka farfaɗo da tsarin. Kamfanin Pixar ma a 1998 ya goge mafi yawan fayilolin fim ɗin Toy Story 2 bisa kuskure, ya koma ga ajiyarsa ya tarar ta lalace ba a sani ba. Kwafin da wata ma'aikaciya, Galyn Susman, ta ajiye a gida saboda tana jego shi ya cece su.

Gwajin da ke tona irin wannan ɓoyayyiyar lalacewa ba shi da wuya, kuma a tsarin da ma'aikaci ke da ikon dawo da fayil kowa na iya yin sa. Sau ɗaya a wata, ya zaɓi takarda guda daga kwafin makon jiya, ya sauke ta a sabuwar jaka, ya buɗe ta ya ga ko tana karantuwa, sannan ya rubuta kwanan wata a rajistar da mai kula da tsarin zai riƙa dubawa.