Baro: Garin da Jirgi Ya Bi Ta Cikinsa Ya Wuce

A gaɓar arewa ta kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja, akwai wani ƙauyen Nufawa mai suna Baro. Tsauni ne a bayansa, wanda Turawa suka raɗa wa suna Empire Hill, ruwa kuma a gabansa, gidajen kuwa suna shimfiɗe a ɗan filin da ya rage tsakanin biyun. Wanda ya shiga garin yau zai tarar da masunta suna gyaran koma, da manoman shinkafa a fadama, da kwale-kwale jere a bakin ruwa, sai kuma ƙarafan layin dogo da ciyawa ta rufe da tsofaffin gine-ginen reluwe da rufinsu ya zube. Daga wannan wuri ne jirgin ƙasa ya fara kama hanyar Kano. Mutane da yawa in sun ji haka sai su ce ai sakacin gwamnatocin bayan 'yancin kai ne ya kashe garin. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ita ce tushe ba. Baro ta fara rasa matsayinta tun jirgin yana sabo fil, domin tun ranar farko an gina ta ne don kaya su wuce ta cikinta, ba don mutane su zauna ba. Duk wanda ke son garin ya farfaɗo, daga nan ya kamata ya fara lissafi.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, babbar damuwarsu ita ce yadda za su fitar da amfanin ƙasar zuwa teku, musamman auduga, wadda masaƙun Ingila ke ƙishirwarta. Aka sami saɓani tsakanin gwamnatoci biyu na Turawa na wancan lokaci, ta Kudu da ta Arewa. Ta Kudu, ƙarƙashin Walter Egerton, tana so a miƙo layin dogon da ya taso daga Legas har ya kai Arewa. Lugga kuwa, mai mulkin Arewa, yana son Arewa ta sami nata layin, wanda zai sauka a bakin Kwara, daga nan jiragen ruwa su ɗauka zuwa Burutu da Forkados a bakin teku, ba tare da kaya sun taka ƙasar Legas ba. Baro ta dace da wannan buri saboda tana kusan iyakar inda manyan jiragen ruwa ke iya kaiwa, tafiyar kimanin kilomita 650 daga teku, kuma kwarin kogin Gbako ya buɗe hanya mai sauƙi daga can zuwa arewa. A 1907 gwamnatin Ingila ta amince da aikin, aka kuma turo Percy Girouard ya gaji Lugga. Ba a zaɓe shi a banza ba: injiniyan soja ne ɗan Kanada wanda ya riga ya shimfiɗa layin dogo a hamadar Sudan, daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad. Sai dai a wannan shekarar kuma aka yarda layin Legas ma ya ci gaba, ya haye Kwara a Jebba ya zo ya haɗu da na Baro. Wato an amince da Baro da kishiyarta a zama ɗaya.

Shekarun ginin su ne lokacin da Baro ta fi cika da mutane. Kowane ƙarfen dogo, kowane tarago, kowane kan jirgi, ta ruwa ya iso, kuma dole a kawo shi a 'yan watannin da kogi ya cika, a sauke a tara a bakin gaɓa kafin ruwa ya janye. Wannan aiki ya tara jama'a iri-iri: injiniyoyin Turawa da suka yi gidajensu a kan tsauni don gudun sauro da zafin kwari, akawuna da maƙera da kafintoci daga Legas da Saliyo da Gwalkwas, 'yan dako, masu sayar da abinci, da Hausawa 'yan kasuwa waɗanda ba sa rasa inda taro yake. Amma mafi yawan hannayen da suka yi aikin ba don ra'ayinsu suka zo ba. Gwamnati ce ke yanka wa sarakuna adadin leburorin da za su kawo, sarakuna su raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci kuma ya shiga gida-gida. Manomin Nufe ko Bagwari ya bar gonarsa, ya yi makonni yana sarar daji, yana ɗaukar ƙasa a kwando a ka yana zubawa a inda za a ɗora dogo, a sallame shi da 'yan silalla waɗanda akasarinsu haraji zai cinye. Ta wannan hanya ma kuɗin Bature suka fara ture wuri a kasuwannin yankin. Irin wannan taro ba ya zama gari. Mutumin da aka kawo da tilas, ranar da aka sake shi gida yake nufa, kuma sansanin leburori yana bin bakin dogo ne, yau a Katcha, gobe a Badeggi, jibi a Minna.

Layin, mai tsawon mil 356, wato kimanin kilomita 570, ya isa Kano a watan Maris na 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. A wannan shekarar ce kuma layin Legas ya haɗu da shi a Minna, aka haɗe hukumomin reluwen biyu suka zama ɗaya. Daga nan ɗan kasuwar Kano ya sami zaɓi. Ko ya aika kayansa Baro, a sauke daga tarago, a ajiye a sito, a jira ruwa, a loda wa jirgin kogi, a sake saukewa a bakin teku a loda wa babban jirgi. Ko kuma ya bar su cikin tarago ɗaya har Legas. Hanyar Legas ta fi tsawo a dogo, kusan ninki biyu, amma tana aiki rani da damina. Kwara kuwa manyan jirage ba sa samun ruwan da ya ishe su sai wajen Agusta zuwa Oktoba, alhali gyaɗa da auduga sai da kaka suke shigowa kasuwa, daidai lokacin da kogi ya fara ja da baya yana fitar da yashi. Kayan da aka girbe bana kan iya kwana a Baro har damina ta zagayo. Abin da ya ɗan rage wa Baro daraja shi ne cewa a Jebba sai an tsallakar da taragai a kan jirgin fito. Da aka gama gadar Jebba a 1916, wannan ma ya kau. Kilomita kusan 180 da ke tsakanin Minna da Baro, waɗanda aka gina a matsayin gangar jikin layin, suka koma reshe. Gyaɗar da ta ba Turawa mamaki, wadda fitar da ita daga Nijeriya ya kai kusan tan 19,000 a 1913 alhali auduga suka zo nema, ita ta gina dalar gyaɗa a Kano, ta azurta irin su Alhassan Ɗantata, kuma yawancinta Legas ta nufa.

Yawan jama'a ya bi sawun kaya. Minna, wadda ƙaramin mazaunin Gwarawa ce a kan dutse kafin zuwan dogo, ta zama mahaɗa, ta sami ma'aikatan reluwe da iyalansu, da kasuwa, da makarantu, har ta zama babban birnin jihar Neja da aka ƙirƙiro a 1976. Kaduna, inda dogo ya haye kogi, ta karɓi hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Baro kuwa ta tsaya a matsayin tashar ƙarshen reshe, inda kamfanonin Turawa irin su Kamfanin Neja da John Holt ke da kantuna da sito, ana hada-hada in ruwa ya kawo, a yi shiru in ya janye. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Agaie gaba ɗayanta, da garin Agaie da Baro da duk ƙauyukan da ke tsakani, mutum 132,907 aka samu, cikin kusan miliyan huɗu na jihar. Baro ta yi kama da zangon fatake: ayari ya sauka, wuri ya cika da hayaƙi da ciniki, da asuba a ɗaure kaya a tashi, a bar masu wurin da tokar murhu. Masu wurin nan su ne Nufawan da ke noma da kamun kifi a wannan gaɓa tun kafin Bature ya auna ta, kuma su ne har yau mafi yawan mazauna garin, tare da Hausawa 'yan kasuwa da masunta, da Fulanin da ke kiwo a kewaye.

Mai ja da wannan magana zai ce: ai ko bayan 1916 jirgi bai daina zuwa Baro ba, ya ci gaba da zuwa shekaru da dama, kuma abin da ya durƙusar da garin shi ne mutuwar reluwe a ƙasar baki ɗaya. Haka ne, kuma ba ƙaramin rashi ba ne. Tun daga shekarun 1970 manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, gyaɗa ta faɗi, kuɗin man fetur ya sa aka karkata ga tituna, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya da aka kafa a 1955 ta riƙa ramewa har jirgin Baro ya tsaya cak. Ga garin da ba shi da titin kirki, tsayawar jirgi yanke shi ne daga duniya, kuma mai kifi da mai shinkafa su suka fi ji a jikinsu. Amma a duba da kyau: wannan mutuwar reluwe ta sami Minna da Kaduna da Zariya da Kafanchan, kuma babu wadda ta koma ƙauye a cikinsu. Sun tsaya ne domin a shekarun da jirgi ke tafiya sun tara wasu abubuwan da ke riƙe mutum, ofisoshi da masana'antu da makarantu da asibitoci da titunan da suka ratsa su. Baro ta yi shekaru masu yawa jirgi na zuwa, ba a dasa mata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba yadda zai yi tasiri. Sakacin baya ya tarar da gari ne wanda dama ƙafa ɗaya yake tsaye a kai.

Wani kuma zai ce duk wannan tarihi ne, yanzu an gina tashar jiragen ruwa ta zamani, kuma ita za ta dawo da martabar garin. Wannan fata ne mai kyau, kuma ba mai son Arewa da zai ƙi ta sami ƙofarta zuwa teku. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Baro da kansa ya buɗe tashar, wadda ta ci kusan naira biliyan 6, da madogarar jirage mai tsawon mita 150 da injin ɗaga kaya da sito. Shekaru suka biyo baya tashar na zaune ba jirgin kaya, injuna na shan rana da ruwan sama. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kogin da aka yashe yashi yana komawa cikinsa in ba a ci gaba da yasa ba, kuma tun da aka gina madatsar Kainji a 1968, sannan ta Jebba da ta Shiroro, yawan ruwan da ke isowa Baro ya dogara har da abin da masu wutar lantarki suka saki. Dogon Minna a mace yake. Titin Agaie zuwa Katcha zuwa Baro, ɗan kilomita hamsin da 'yan kai, ya daɗe a hannun 'yan kwangila, da damina kuwa tirela ba ta isa ta bi shi da kaya ba. An sake yin abin da aka yi a 1907, har ma da ragi: wancan karon an gina tasha da dogonta, wannan karon an gina tasha ita kaɗai. Ko da an gyara komai jirage sun fara zuwa, tashar zamani da injin ke sauke kwantena ba ta ɗaukar ɗaruruwan 'yan dako kamar ta da. Kaya za su iya wucewa ta Baro dare da rana, yaron garin yana kallo daga bakin shinge.

Wannan ba hujja ba ce ta a yi watsi da tashar, tun da an riga an zuba dukiyar jama'a a ciki kuma jigilar kaya masu nauyi ta ruwa ta fi ta mota araha. Hujja ce ta a sauya abin da ake sa wa a gaba. Arzikin da ke wannan yanki na mutanen wurin ne: shinkafar fadamun Kwara da Gbako, wadda saboda ita aka kafa cibiyar binciken hatsi ta ƙasa a Badeggi, a kan wannan tsohon layin, kifin da ake busarwa a kai kasuwar Katcha, doya da rogo da rake. Manomin da zai iya kai buhunsa Bida ko Minna cikin sa'o'i kaɗan ba tare da mota ta kafe a taɓo ba, wanda ke da injin casa kusa da shi, da wutar da za ta juya injin, da makarantar sakandare da 'yarsa za ta gama ba tare da an tura ta wani gari ba, da asibitin da matarsa za ta haihu ba sai an sa ta a kwale-kwale cikin dare ba, wannan manomi ba zai tashi ba, kuma ɗansa zai yi tunani sau biyu kafin ya tafi Abuja acaɓa. Haka kuma garin da ambaliya ke yi wa barazana, kamar yadda ta auka wa garuruwan bakin Kwara a 2012 da 2022, yana buƙatar a tsara inda sababbin gidaje za su zauna kafin a kira baƙi su zo. Tsofaffin gine-ginen reluwe da na kan tsauni su ma sun cancanci a rufa musu kwano a adana su, ba don kewar mulkin mallaka ba, sai don jikokin waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka su san inda guminsu ya zuba.

Saboda haka masu wakiltar Agaie da Katcha a majalisun jiha da na tarayya, da masarautar Agaie, da gwamnatin jihar Neja, in za su matsa wa Abuja lamba kan Baro, su fara da titin, su sa ranar gama shi a bainar jama'a, sannan dogon Minna, sannan yasar kogi. Kuma kafin jirgin farko ya tsaya a tashar, a rubuta a takarda yawan guraben aiki da filin kasuwa da za a ware wa 'ya'yan garin.