Ruwa Garau, Cuta a Ɓoye: Yadda Aka Koyi Gwada Ruwan Rijiya

Mai karatu, idan aka tambaye ka ko ruwan rijiyar gidanka yana da kyau, na san amsar da za ka bayar. Za ka ce garau yake, ba wari, ba ɗanɗano, kuma shekara da shekaru ana sha. Kakanninmu ma da ido da hanci da harshe suke yi wa ruwa hukunci, har suka ce ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne, duk ruwan da ya sauya akwai dalili. Sai dai tarihin shekaru 170 da suka shige ya nuna cewa ruwan da ya fi kisa sau da yawa ba ya sauya kama ko kaɗan.

Mu fara daga birnin Landan. A ƙarshen watan Agustan 1854, kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, cikin kwana 10 ta hallaka mutum fiye da 500. Likitocin zamanin sun yi amanna cewa mummunar iska ce ke yaɗa cutar. Wani likita mai suna John Snow bai yarda ba. Ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, sai ya ga yawancinsu daga famfon rijiyar titin Broad suke sha. Ma'aikatan wata masana'antar giya da ke kan titin, waɗanda ba sa shan ruwan famfon, cutar ta tsallake su. Wata mata kuwa da ke zaune can Hampstead, nesa da unguwar, ta rasu, domin saboda son ɗanɗanon ruwan rijiyar kullum sai an kai mata shi a kwalba. Ranar 8 ga Satumba hukuma ta cire hannun famfon.

Abin lura a nan shi ne, Snow ya ɗebi ruwan ya duba, bai ga wata ƙazantar a zo a gani ba. Sai daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, ya gano cewa wata jaririya a gida mai lamba 40 ta kamu da gudawa kafin ɓarkewar annobar, ana zuba ruwan wankin tsummokaranta a masai. Da aka tona, sai ga ramin masan yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar bai kai mita ɗaya ba. A ƙarshe mutum 616 suka mutu.

An san ruwa ne mai laifi, amma ba a da hanyar kama shi. Sai a 1884 Robert Koch, masani daga Jamus, ya samo ƙwayar kwalara a cikin wani tafkin da mutane ke sha a Kalkata ta ƙasar Indiya. Shekara guda bayan haka, Theodor Escherich ya bayyana wata ƙwaya da ke zaune a hanjin mutum da na dabba, wadda yau ake kira E. coli. Daga nan masana suka yi dabara: maimakon a bi kowace cuta ana nema, sai a nemi wannan ƙwaya ɗaya. In an same ta, to bayan gida ya shiga ruwan, kuma hanyar da ta bi, kwalara da taifot ma za su iya bi. Har yau a kan wannan ake. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko guda ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

Da aka fahimci ƙwayoyin cuta, sai aka zaci an gama. Ƙasar Bangaladash ce ta biya kuɗin wannan zato. Yara suna mutuwa da gudawa saboda shan ruwan tafki, don haka daga shekarun 1970 gwamnati da hukumomin agaji suka dukufa wajen haƙa rijiyoyin burtsatse, jama'a ma suka haƙa nasu, har suka kai miliyoyi. Ruwa ya fito sanyi ƙalau, ba ƙwayoyin cuta, amma ba wanda ya gwada shi don neman asenik, wani sinadari mai guba da ke cikin ƙasar tun asali, ba launi, ba wari. Sai a 1993 aka tabbatar da shi, bayan mutane sun fara fito da baƙaƙen tabo a fata da kanta a tafin hannu da ƙafa. Shan sa na shekaru yana kai wa ga kansar fata da ta mafitsara da ta huhu. A 2000 wani rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 suna cikin haɗari. Aka shiga gwada rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, kusan miliyan 5, ana shafa wa bakin famfo koren fenti in ruwan ya tsira, jan fenti in bai tsira ba. Sau da yawa rijiya mai ja da mai kore maƙwabtan juna ne. Wato gwajin maƙwabcinka ba ya wanke rijiyarka.

Kada ka ce abin na nesa ne. A garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, rijiyar burtsatse mai zurfi da ta fara ba garin ruwa a tsakiyar shekarun 1980 tana ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da ninki uku na iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. An yi kusan shekara 15 ana sha. Haƙoran yara suka yi ja, ɗaruruwa daga cikinsu ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Wannan sinadarin ne ake sa wa cikin man goge baki don kare haƙori. Mu masu harkar magani mun san cewa abin da ke raba magani da guba shi ne adadi, adadi kuwa awo ke nuna shi.

Akwai na huɗu da ya shafi jarirai. A 1945 wani likita a jihar Iowa ta Amurka, Hunter Comly, ya bayyana jarirai biyu da jikinsu ya yi shuɗi bayan an dama musu madara da ruwan rijiya mai yawan naitiret. Wannan sinadari yana gangarowa daga takin zamani da garken dabbobi da masai, yana hana jinin jariri ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Iyakarsa miligiram 50 ne a lita.

To, me wannan tarihi ya bar maka? Da farko, ka gwada sabuwar rijiya kafin a fara sha, gwajin ƙwayoyin cuta da na sinadarai gaba ɗaya. Bayan haka a riƙa maimaita na ƙwayoyin cuta da naitiret sau ɗaya a shekara, an fi so cikin damina, da kuma bayan ambaliya, ko gyaran rijiya, ko in gudawa ta yawaita a gida, ko ana sa ran haihuwa. Ka tuntuɓi duba-gari ko ɗakin gwaje-gwajen hukumar ruwa ta jiharku. Ka karɓi kwalbar ɗibar ruwa daga wurinsu, kada ka yi amfani da ta gida, ka ajiye ta cikin sanyi, ka mayar a ranar.

Sannan ka san iyakar kowace dabara. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi haske, amma bai isa ya tsare ka daga cuta ba. Tafasa ruwa na minti guda, ko zuba kilorin daidai awo, yana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot. Amma tafasawa ba ta cire asenik ko fulorayid ko naitiret, sai ma ta ƙara musu ƙarfi yayin da ruwan ke ƙonewa. In su ne matsalar, sai a sauya wurin ɗiban ruwan sha ko a nemi matatar da aka yi dominsu.

A ƙarshe, ka zagaya gidanka kamar yadda Whitehead ya zagaya titin Broad. Ma'aikatan ruwa sun fi son mita 30 tsakanin rijiya da masai, abin da ke da wuya a gidajen cikin gari, inda katanga ɗaya kan raba rijiyarka da masan maƙwabci. In haka naka yake, bukatarka ta gwaji ta fi ta kowa. Ka ɗaga bakin rijiya da siminti, ka yi mata murfi, ka rataye guga da igiya kada su kwanta a ƙasa. Allah Ya ƙara mana lafiya.