Ruwan Rariya ko Ruwan Matata: Wanne Ya Dace da Minna?

Minna ta dogara da madatsun Tagwai da Bosso da matatar Chanchaga, amma yawan jama'a ya zarce abin da famfo ke kawowa. Da rani, magidanta a Kpakungu da Maitumbi kan sayi jarka wurin 'yan ga-ruwa, sannan mafi yawan ruwan ya bi rariya bayan wanka da wanki da alwala. Hanyoyin sake cin moriyarsa biyu ne, kuma wannan maƙala na ganin Minna ta fara da ta cikin gida.

Hanya ta farko ita ce tattara ƙazamin ruwan gari, har da na masai, a tace shi a babbar matata. Windhoek ta Namibiya tana mayar da irinsa ruwan sha tun 1968, Singafo ta bi sahu a 2003. Sai dai wannan na buƙatar bututun ƙarƙashin ƙasa da ke haɗa gidaje, da lantarki marar yankewa, da ƙwararrun masu gwaji. Gidajen Minna kuwa masai da sokawe suke amfani da su, don haka ko an gina matata irin ta Wupa da ke Abuja, babu hanyar da ruwan zai isa can.

Ta biyu ita ce ware ruwan wanka, wanki da alwala tun a gida. Ganga mai tsakuwa da yashi da gawayi ta isa ta rage dattinsa, a kora ban-ɗaki da shi ko a shayar da ayaba da zogale. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Masu suka na da hujja, domin ruwan ba na sha ba ne. Idan ya kwana yakan yi wari, idan ya taru ya tara sauro, gishirin omo kuma na kashe ƙasa a hankali. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 sun amince da amfani da shi bisa matakan kariya. A aikace, a zuba shi a gindin shuka, a nisanta shi da latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye, ruwan wankin kashin yara kuma a tura shi masai.

Saboda haka, ya kamata hukumar tsara birane ta jihar Neja ta wajabta raba bututun wanka da na masai a sababbin gine-gine. Kuɗinsa kaɗan ne lokacin gini, alhali gyara daga baya sai an fasa daɓe.