Tsohuwar Kwamfutar Tebur: Yaushe Ake Gyara, Yaushe Ake Sauyawa?

Kwamfutar tebur ita ce wadda ake girkewa wuri guda, akwatinta daban, allonta daban. Har yanzu ita ke ɗauke da aikin ofisoshin gwamnati da shagunan buga takardu da ɗakunan lissafin 'yan kasuwa da dama. Fifikonta a kan ta tafi-da-gidanka shi ne ana iya buɗe akwatinta a sauya sashe ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Don haka idan ta tsufa, mai ita yana da zaɓi uku: ya gyara abin da ya lalace, ya sa mata kayan da za su ƙara mata sauri, ko ya haƙura ya sayi wata. Abin da ke raba gardama shi ne sanin sashen da matsalar take, da kuma zamanin da aka ƙera ƙwaƙwalwarta.

Lalacewar da gyaranta ke da sauƙi

Sashen da ya fi saurin jin jiki shi ne akwatin rarraba wuta, wanda ke rage ƙarfin lantarki zuwa abin da kayan ciki ke iya ɗauka. Hawa da saukar wuta, da sauyi tsakanin wutar gari da janareta, shi suke fara bugawa. Alamarsa ita ce na'urar ta ƙi tashi sam, ko ta riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki. Ana sauya shi cikin sauƙi, sai dai siraran akwatunan ofis na HP da Dell da Lenovo sukan zo da nasu samfurin na musamman, don haka gara a tafi kasuwa da tsohon a hannu.

Idan agogo da kwanan wata suna rikicewa duk lokacin da aka kunna, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, samfurin CR2032, shi ne ya ƙare. Idan kuwa fanka na ruri, akwatin na ɗaukar zafi, na'urar na kashe kanta, galibi ƙurar hunturu ce ta toshe hanyar iska. Kakkaɓe ƙurar da sabunta man da ake shafawa a bayan ƙwaƙwalwa sukan wadatar.

Ƙarin da ke kawo sauri

Yawancin nawar tsohuwar kwamfuta daga ma'adanarta take. Tsohuwar ma'adana faifai ce da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, allura na bin ta tana neman bayani. Ma'adanar SSD ba ta da abin da ke motsi, kuma ko mai sauƙin kuɗi tana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, wato ninkin tsohuwar sau uku ko fiye. Wannan ƙarin shi ya fi kowane tasiri, kuma kuɗinsa ba ya salwanta, domin ana iya cire SSD ɗin a mayar wa wata kwamfutar daga baya.

Na biyu shi ne RAM, wurin da na'ura ke baje aikin da take yi a lokacin. Gigabait 4 ya yi kaɗan ga mai buɗe shafukan intanet da Excel a tare. Gigabait 8 ya isa aikin ofis na yau da kullum. Sai dai RAM iri-iri ne: DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, kuma wanda aka saya wa tsohuwar na'ura ba lalle ya yi amfani a sabuwa ba.

Inda gyara ke tsayawa

Babban farantin da dukkan sassa ke haɗuwa a kansa, tare da ƙwaƙwalwar da ke zaune a tsakiyarsa, su ne iyakar kwamfuta. Idan farantin ya ƙone, sauya shi yakan jawo sauya ƙwaƙwalwa da RAM, lissafin ya doshi kuɗin wata na'urar.

Akwai kuma batun babbar manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, ya daina wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adi da ya buɗe wa waɗanda suka yi rajista. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma ba za a riƙa toshe mata kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa ba. Ita kuwa Windows 11 tana neman ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8, wanda ya fito a 2017, ko abin da ya biyo baya, da sashen tsaro na TPM 2.0. Lambar ƙwaƙwalwa na nuna zubinta: i5-8500 zubi na 8 ce, i5-4590 kuwa na 4.

Yanke shawara

Na'urar da ta kai zubi na 8 ta cancanci gyara da ƙari. Wadda ba ta kai ba, idan aikinta buga takardu ne kawai ba ta shiga intanet, SSD da shara za su ƙara mata kwana. Idan kuwa da ita ake shiga banki ko ake ajiye bayanan ma'aikata, to a sauya ta, ko a sa mata manhajar kyauta irin Linux Mint, muddin shirye-shiryen aikin za su hau kanta.

Mai sayen ta hannu a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja ya sa a kunna ta a gabansa ya karanta lambar ƙwaƙwalwar da idonsa, kada ya sauya tsohuwa da tsohuwa. Kafin kai na'ura wurin gyara, a kwafe bayanai zuwa wata ma'adanar. Kafin sayar wa 'yan gwangwan, a cire ma'adanar gaba ɗaya, domin goge fayil ba ya hana mai fasaha dawo da shi. Wadda aka gyara da wadda aka saya duka suna buƙatar sitabilaiza da UPS, in ba haka ba wutar da ta ci ta farko za ta ci ta biyu.