Wayar Girke da Wayar Salula: Wacce Ta Fi Amfani Wajen Neman Agajin Gaggawa a Karkara?

Kiran gaggawa shi ne kiran da ake yi domin neman motar asibiti, ma'aikacin lafiya, 'yan kwana-kwana ko jami'an tsaro a lokacin da rai ke cikin haɗari. Waya iri biyu ake yin wannan kira da su. Akwai wayar girke, wadda ake jawo mata layi daga ofishin tarho har cikin gida ko ofis, tana zaune wuri guda. Akwai kuma wayar salula, wadda ke aiki da batir, tana magana da turken sadarwa mafi kusa ta iska. Kowacce na da inda ta fi ƙarfi da inda take gazawa. Sanin wannan bambanci zai taimaka wa iyalin da ke zaune nesa da asibiti su yi shiri tun lafiya lau.

Me ya sa lokaci ke da muhimmanci?

Wasu larurori ba sa jira. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 matuƙar ba a fara danna ƙirji ba. Zubar jini mai yawa bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa 2. Maganin narkar da gudan jini ga mai shanyewar ɓarin jiki ana ba da shi ne cikin awa 4 da rabi daga fara alamu. Jijjigar da ta wuce minti 5, ga yaro ko babba, tana buƙatar magani nan take. Saran kububuwa kuwa yana hana jini daskarewa, kuma maganin dafin yana asibiti ne kawai.

A 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana jinkiri uku da ke jawo mutuwar mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Waya tana taɓa duka ukun. Da ita ake sanar da maigida idan ba ya gari, a samo mota, a kuma gaya wa asibiti su shirya jini kafin a iso.

Inda wayar girke ta fi ƙarfi

Na farko, tana da adireshi. A ƙasashen da suka daɗe da lambar gaggawa, kamar Ingila da ta fara 999 a 1937 da Amurka da ta fara 911 a 1968, kowane layin girke yana rajiste da adireshin gidan da yake. Idan aka kira, adireshin zai bayyana a kwamfutar mai karɓar kira. Ko da mai kiran ya kasa magana saboda shanyewar jiki, ko ƙaramin yaro ne ya buga lambar, an san gidan da za a nufa.

Na biyu, tsohon layin tagulla yana samun wutarsa daga ofishin tarho, kimanin bolt 48, kuma ofishin na da manyan batura da janareta. Shi ya sa ko an ɗauke wutar gida wayar na ci gaba da aiki.

Na uku, ba ta ɓata, ba a fita da ita kasuwa, kuma kowa a gida ya san inda take. Tudu ko bangon ɗaki ba sa rage mata ƙarfin murya.

Inda wayar girke ke gazawa

Hatsari da yawa ba a cikin gida suke faruwa ba. Saran maciji a gona, faɗuwa daga bishiya, hatsarin babur a hanya, duk suna faruwa ne nesa da inda wayar ke girke. Guguwa, ambaliya ko ɓarayin waya na iya yanke layin, kuma gyara a ƙauye kan ɗauki lokaci.

Haka kuma ba kowace wayar tebur ce ke aiki idan babu wuta ba. Wadda kanta ba shi da igiya tana buƙatar wutar gida. Sabbin layukan da ke bi ta intanet su ma suna mutuwa da zarar na'urar intanet ɗin ta mutu, sai idan an haɗa mata batir. Ƙasashe da dama, ciki har da Birtaniya, suna rufe tsoffin layukan tagulla suna komawa wannan sabon tsari, don haka fifikon wayar girke ta fuskar wuta yana raguwa. Akwai kuma wayar tebur mai ɗaukar sim: kamanninta na wayar girke ne, amma aikinta na salula ne, idan sabis ya ɗauke ita ma ta tsaya.

Inda wayar salula ta fi ƙarfi

Tana tafiya da mai ita, gona ko jeji ko hanya. Ana iya kunna sifikarta a ajiye kusa da majinyaci, hannuwa biyu na aikin ceto, ma'aikacin lafiya na faɗin abin da za a yi. Ana tura saƙon tes, hoto, da taswirar wurin da ake. Lambar 112 tana cikin ainihin tsarin GSM, shi ya sa ake iya buga ta ko da wayar a kulle take kuma babu kuɗin kira. A wurare da yawa, idan layinku ba shi da sabis amma wani kamfani na da shi, wayar za ta bi ta kansa ta fitar da kiran gaggawa. Wannan ita ce ma'anar rubutun da kan fito a fuskar waya cewa kiran gaggawa kaɗai za a iya yi.

Inda wayar salula ke gazawa a karkara

Sabis. A ƙa'idar GSM, turke ɗaya ba ya wuce kilomita 35, kuma a zahiri ba ya kaiwa haka saboda duwatsu, kwari da bishiyoyi. Kamfanoni sun fi kafa turaku inda jama'a ke da yawa, sai a bar ƙananan ƙauyuka da rugage da sanda ɗaya ko babu.

Wuta. Wayar na buƙatar caji, turken ma na buƙatar man dizal, sola ko batir. Idan man turke ya ƙare ko aka sace baturansa, duk yankin ya rasa sabis.

Gano wuri. Kiran salula ba ya zuwa da adireshi. Abin da aka fi saurin sani shi ne turken da kiran ya bi, kuma a karkara turke ɗaya na iya ɗaukar ƙauyuka da yawa. Wayoyin zamani na Android da iPhone suna iya aika wurin da mai kira yake kai tsaye, sai dai hakan na aiki ne kawai inda cibiyar karɓar kira ke da na'urar karɓa. Saboda haka kada ku ɗauka an san inda kuke, ku faɗa da bakinku.

Iyaka. A garuruwan bakin iyaka waya kan kama sabis na ƙasar maƙwabta, kiran gaggawa ya faɗa cibiyar da ba za ta iya turo taimako ba.

Katse sadarwa. A watan Satumba na 2021 an rufe sabis a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, na tsawon makonni. An yi irin haka a Borno a 2013. A irin wannan hali babu wayar salular da za ta yi aiki.

Yadda abin yake a ƙasarmu

A yawancin ƙauyukan arewacin Najeriya da kudancin Nijar babu zaɓi tsakanin wayoyin biyu. Kafin zuwan GSM a 2001, layukan girke na NITEL a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan duk a birane suke. Yau wayar salula ce kaɗai a hannun mutanen karkara. Aikin iyali shi ne su samar wa kansu abubuwan da wayar girke ke bayarwa: wuri sananne, wuta da ba ta yankewa, da waya da ke zaune a gida kullum.

Lambobin da ya kamata a sani:

- Najeriya: 112, lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta a kowane layi. Hukumar sadarwa ta NCC ce ta gina cibiyoyin karɓar kiran a jihohi da dama. Lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ce, domin hatsarin mota.
- Nijar: 15 domin agajin lafiya, 17 'yan sanda, 18 'yan kwana-kwana.
- Ghana: 112, da 193 domin motar asibiti.

A 2022 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da shirin NEMSAS na motocin ɗaukar marasa lafiya, ana faɗaɗa shi jiha bayan jiha. Duk da haka, amsa kira daban, isowar mota daban. A ƙauye mai nisa, mota mafi kusa sau da yawa ta maƙwabci ce ko ta direban tasha. A jihohi irin su Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara an horar da direbobin ƙungiyar NURTW kan kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Ku tambaya a asibitin sha-ka-tafi na yankinku ko akwai irin wannan direba, ku karɓi lambarsa.

Shirin da kowane gida zai yi

1. Ku ware waya ɗaya ta gida wadda ba a fita da ita. Ƙaramar waya mai madannai ta fi dacewa, domin cajinta na kwanaki. Idan maigida ya tafi kasuwa ko cin rani da wayarsa, kada a bar mata da yara babu hanyar kira.
2. Ku sa layuka biyu na kamfanoni daban-daban, ku riƙa yin kira da su lokaci-lokaci don kada a rufe su, kuma ku bar ɗan kuɗin kira a ciki. Kiran 112 kyauta ne, kiran direba ko ungozoma kuwa sai da kuɗi.
3. Ku tanadi caji: ƙaramar sola, fitila mai cajin waya ko fawa-bank.
4. Ku san wurin da sabis ya fi kamawa, kan tudu ne, bakin titi ko bayan makaranta, ku nuna wa kowa a gida.
5. Ku rubuta lambobi a takarda ku manna a bango: ma'aikacin asibiti mafi kusa, babban asibiti, direbobi biyu, mai unguwa, da ɗan'uwan da zai iya ba da jini. Idan waya ta mutu, lambobin cikinta sun tafi da ita. Ga wanda ba ya karatun boko, a rubuta sunayen da ajami ko a yi alama.
6. Ku shirya kwatancen gida tun yanzu: jiha, ƙaramar hukuma, gari, hanyar da ake bi, da alama fitacciya kamar masallacin Juma'a, firamare ko famfon burtsatse. Idan akwai babbar waya, a buɗe taswirar Google Maps a ƙofar gida a kwafe lambobin wurin a takarda. Na'urar GPS ta cikin waya tana karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam ne, ba ta buƙatar kuɗin data kafin ta nuna waɗannan lambobi.
7. Ku yi shawara da maƙwabta kan abin da za a yi ranar da babu sabis sam: babur ɗin wa za a ɗauka, wa zai tuƙa da dare, ina aka ajiye mai da kuɗin mota.

Gidan da ke da mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai sikila, mai farfaɗiya ko tsoho ya fi kowa buƙatar wannan shiri. Ga mai ciki, a kammala shi kafin wata na bakwai.

Me za a faɗa idan an kira?

Ku fara da wurin da kuke, domin idan kiran ya yanke an riga an san inda za a nufa. Sai ku faɗi abin da ya faru da lokacin da ya fara, mutum nawa abin ya shafa da shekarunsu, ko majinyacin na numfashi, ko yana amsa magana, ko yana zubar da jini. Ku ba da lambar waya ta biyu. Kada ku kashe sai an ce ku kashe, kuma ku bar layin a buɗe bayan haka. Ku tura mutum bakin hanya ya tari motar, da fitila idan dare ne.

Idan kira ya ƙi shiga

- Ku fita waje, ku hau tudu, ku sake gwadawa da ɗaya layin ko wayar maƙwabci.
- Ku tura saƙon tes ga direba ko ma'aikacin lafiya. Saƙo kan fita da sabis mai rauni wanda murya ba za ta iya bi ba.
- Idan hanya ba ta da haɗari, kada ku zauna jiran sabis. Ku ɗauki majinyaci ku kama hanya, ku ci gaba da kira a tafe, a haɗu da motar asibiti a tsakiya idan ta samu.

Kafin taimako ya iso

Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai. Wanda maciji ya sara a hana shi tafiya da ƙafa, a cire zobe ko abin hannu, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga. Mai zubar da jini bayan haihuwa a murza mata mara har mahaifa ta yi tauri, a sa jariri a nono, a tafi asibiti tare da masu ba da jini. Rauni mai zubar da jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Babban da ya suma kuma ba ya numfashi a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ba tare da tsayawa ba.

Idan kun zo awo ko ganin likita, ku tambayi ma'aikatan asibitin lambar da ake samunsu da dare, ku ƙara ta a takardar bangon gidanku.